Ƙarfen da Ba Ya Hawa Sikeli

Ku yaran yanzu da kuke yawo da buhu da sikeli kuna kiran a kawo tsohon ƙarfe, na ji kuna cewa sana'ar ba wuya: ka auna, ka biya, ka loda wa mota ta kai Kano. Ba zan yi muku musu ba, a hannunku haka take. Amma kwanan baya na miƙa wa ɗayanku guntun fartanya na ce ya gaya mini ƙarfen ina ne, ya jujjuya shi, ya ce mini ai ƙarfe ƙarfe ne. Da a gaban Baffa Ɗanjuma ya faɗi haka, da ya wuni yana zuga ko fura ba a ba shi ba.

Baffa Ɗanjuma ƙanin mahaifina ne. Shi ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifina, kuma shi ne babban maƙerin Ɗanzomo a shekarun da Turawa suka shigo ƙasar Gumel. Mutum ne gajere, mai faɗin kafaɗa, ba ya son surutu, in ka yi kuskure ba ya zagi, sai dai ya karɓi aikin ya mayar wuta ya miƙo maka ka sake. A wurinsa na fara da zuga-zugi kamar kowa. Daga nan aka sake ni daji ƙona gawayin ƙirya, don ƙirya ce kaɗai ke riƙe wuta yadda ƙarfe zai yi laushi. Sai da gemu ya fara fito mini ya ba ni jaki da mangala, ya ce aikina daga yau neman ƙarfe.

Dalilin wannan aiki, ƙasarmu yashi ce, ba mu da dutsen tama, wato dutsen da ake narkawa a fitar da ƙarfe. Fatake ne ke kawo mana dunƙulen tama a kan jakuna daga wajen Kazaure, da tsada, kuma ba kullum ba. Saboda haka ƙarfe ba ya mutuwa a wurinmu. Garma in ta cinye sai ta koma fartanya, fartanya ta koma lauje, lauje ya koma wuƙa, wuƙa ta ƙare a basilla. Akwai kuma wata al'ada da ba wanda ya taɓa faɗa da baki don kowa ya san ta: guntun fartanya yana komawa maƙerar da ta ƙera shi. Manomi ba ya sayar da shi, ba ya jefarwa. In an gama kaka sai ya soke shi a jinkar rumbu, da bazara ya zaro ya kawo mana, mu ƙara masa ɗan sabon ƙarfe mu buɗe masa baki, in amfani ya zo gida ya aiko da damin gero. Ƙarin da ake yi masa ɗin shi nake fita nema.

Na bi rugage da ƙauyuka tun daga Sule Tankarkar har Gagarawa, amma babbar samuwata a kasuwar Maigatari take, inda Buzaye da mutanen Damagaram ke sauka. Karyayyar likkafa, linzamin da ya tsinke, takobin da ya rabu biyu, bututun bindigar da ta fashe tun yaƙe-yaƙen da. A shekarun nan mari ma ya yi arha, don an daina sa wa mutane, sarƙa guda sai ta ba mu lauje da yawa. Abin da Baffa ya koya mini shi ne kar in yarda da ido. Tsatsa na rufe mai kyau da marar kyau duka. Ka buga shi a kan wani ƙarfen ka saurara, ka ja magagari a gefensa ka ga yadda yake ci. Ƙarfen tama yana da zare-zare a ciki kamar rake, ƙararsa gajera ce, kuma in ya yi fari a wuta ka yayyafa masa yashi ka ɗora masa ɗan'uwansa, sai su haɗe ba ka gane inda aka haɗa.

Duk abin da na kawo, a kan uwar maƙera ake gwada shi. Ita ce dunƙulen ƙarfen da ake ɗora aiki a kai a buga. Tamu kakan Baffa da 'yan'uwansa suka haɗa ta da tama zalla, an kafa ta a cikin kututturen ƙirya, ƙato ɗaya ba ya ɗaga ta sai da nishi. Babu kamarta a duk yankin. Ba a zama a kanta, ba a tsallake ta, kuma in gardama ta yi tsanani tsakanin maƙera sai a ce mutum ya dafa ta ya faɗi magana. Malamai ba sa son wannan, amma ana yi. Samanta ya yi sumul, da ɗan kwari a tsakiya inda masaba, gudumar ƙira, ta shekara tana sauka.

Na tuna ranar da na fara kawo ƙarfen Turawa. Jirgin ƙasa bai daɗe da isowa Kano ba, wani falke ya sauke tufafi a Maigatari, ya bar mini ɗamarar ƙarfen da ake ɗaure dila da ita, kusan kyauta. Baffa ya sa ta a wuta ya juya ya ɗauki awartaki, kafin ya waiwayo gefenta ya ƙone ya zube. Ya ce wannan ba ƙarfe ba ne, ganye ne. Amma dole muka koyi zafin da take so, don Turawa sun buɗe baki suna neman gyaɗa, kowa ya faɗaɗa gona, mai fartanya ɗaya ya koma neman uku. Ƙarfen dila da sandunan kanti da manyan ƙusoshi suka cika kasuwa, suna zuwa ta teku har Ikko, daga can jirgi ya kawo Kano, raƙuma su ƙaraso da su wurinmu. Masu narka tama suka ga ba riba suka kashe wutarsu. Jakunan Kazaure suka daina zuwa, kuma ban ji wanda ya tambayi dalili ba. Ni ma na ji daɗi, yawona ya ragu, bayan maƙerarmu ya cika da tulin ƙarfen dila.

Sai shekarar yunwa ta zo, ba zan tsaya a kanta ba, duk wanda ya gan ta ba ya son labarinta. Ba a gama farfaɗowa ba aka ce Turawa sun kama yaƙi da junansu a can ƙasarsu, jiragen ruwa sun daina kawo kaya. Mu ba mu ga yaƙin ba, ko ƙarar bindiga ɗaya ba mu ji ba. Abin da muka gani, gishirin kanti ya ɓace, farin yadi ya ɓace, daga baya ƙarfe ya bi su. Maƙeran Kano masu yawa ne, manoman gyaɗa na kewaye da su, suka rasa abin bugawa, sai dillalansu suka bazu ƙauyuka.

Namu ya zo da rani, wani Bakano mai fara'a da ake kira Na-Abu, da jakuna da wani abu mai ƙugiya da ba mu taɓa gani ba. Sikelin farko ke nan da ya shigo Ɗanzomo. Ya zauna gindin tsamiyar kasuwa ya ce kowane irin ƙarfe yana saye, ba ruwansa da ƙara ko zare, nauyi kawai. Farashin da ya sa, tsofaffi suka ɗauka wasa yake. Ya leƙo maƙerarmu ya ga tulin ƙarfen dila, Baffa ya ce ya kwashe, dama ya tsare masa hanya. A nan maƙeran ƙasarmu suka yi kuskure, kusan dukkansu, kuma kuskure ne da baƙo ba zai yi ba. Mun saba lissafa guntayen da ke soke a rumbunan mutane kamar suna ɗakinmu. A ganinmu in bazara ta yi za su dawo kamar kullum, a haɗa biyu a fitar da ɗaya, a lallaɓa har jiragen su dawo. Ba mu tuna cewa mai rumbun ya fito daga yunwa ba, ga haraji ana nema da kuɗin Turawa, ga mutum a gindin tsamiya yana biya nan take.

Kafin ya tafi, Na-Abu ya tsuguna yana shafa uwar maƙera da ido, ya tambaya ko ita ma za a ɗora ta a sikeli.

Baffa bai ɗago daga aikinsa ba ya ce, "Malam, ƙugiyarka ba za ta ɗauke ta ba. Ka gaida mutanen Kano."

Bazara ta shigo, zafi ya tsananta, hadari ya fara leƙowa daga gabas da yamma ya koma. Muka share maƙera, muka tara gawayi, muka zauna jiran guntaye. Mutum na farko da ya shigo Malam Jibo ne, maƙwabcinmu, manomi mai iyali da yawa, abokin wasan Baffa tun suna yara. Ƙota ce a hannunsa, itacen fartanya tsirara ba ƙarfe. Ya zauna ya yi gaisuwa mai tsawo fiye da yadda ya saba, sannan ya ce guntayensa suna Kano. Bayansa wasu suka biyo, kowa da ƙotarsa. Wasu ba guntu kaɗai suka sayar ba, har fartanyar da ke da sauran aiki, da niyyar in ruwa ya kusa su sayi sabuwa a wurinmu, su ma suna lissafa tulin da ke bayan maƙerarmu kamar yana nan.

Ku da ba ku noma ba za ku ga girman abin ba. Shuka ana iya yinta da sanda da diddige. Amma noman farko ba ya yiwuwa sai da ƙarfe, kuma in ya wuce lokacinsa ciyawa ta rufe gero, shi ke nan shekara ta tafi. Garin da bai gama binne mutanen yunwar farko ba, ba zai ɗauki ta biyu ba.

Na ɗaura wa jaki mangala na fita. Gumel ba komai. Gagarawa maƙeransu suka tambaye ni abin da na zo tambayarsu. A Maigatari na tarar da yaran Na-Abu sun riga ni, abin da ya rage ana neman kuɗin tunkiya a kan abin da bai kai lauje ba. Na tsallaka ƙasar Faransa wurin wani maƙeri da muka saba, ya nuna mini ɗakinsa wayam, ya ce su nasu Turawan har dabbobi da hatsi suke tarawa saboda yaƙin. Na dawo gida da likkafa ɗaya da 'yan ƙusoshi a ƙasan mangala. A hanyar dawowa ruwan farko ya same ni.

Baffa ya zazzage mangalar, ya dubi abin da ke ciki. Da safe bayan an fito masallaci ya ce in haƙa rami a tsakar maƙera, in aro zuga-zugin maƙerin unguwar gabas a haɗa da namu, in kira ƙarti huɗu. Na tambaye shi aikin me za a yi. Ya nuna uwar maƙera da haɓa. Na tsorata ƙwarai, har na yi abin da ban taɓa yi ba, na mayar masa da magana.

"Baffa, wannan ta kakanni ce. In an sare ta a kan me za mu yi ƙira?"

"Sale, in sun mutu wa za mu yi wa ƙirar? Ɗauko gatari ka fasa kututturen."

Aikin ba ƙarami ba ne. Dunƙule irin wannan ba ya ɗaukar zafi da wuri, samansa zai yi ja cikinsa na nan baƙi. Muka binne ta a gawayi, zuga-zugi biyu na aiki ba tsayawa, in hannun mutum ya mutu wani ya karɓa. Gawayin da muka tara na damina guda ya tafi a kwanakin nan. In ta yi fari sai a jawo ta da sanduna bakin rami, Baffa ya kafa abin yanka, ƙato ya sauke guduma, a ɓantaro yanki a mayar da sauran wuta. Kan babbar gudumarmu muka cire muka kafa a itace ya zama abin ɗora aiki, ƙarami ne, kowane bugu sai ya yi tsalle. Baffa ya shimfiɗa fartanyun da sirantaka fiye da yadda yake yarda a da, don su isa. Bai isa kowa ya samu ba, gida ɗaya fartanya ɗaya, a yi karɓa-karɓa. A wuyan kowace ya buga ɗan rami biyu don a gane ta. Bai sa farashi ba. Duk wanda ya zo karɓa, magana ɗaya yake ji, har Malam Jibo:

"Aro ne. In ta cinye, guntun ya dawo nan. Zan mayar da uwata yadda take."

An yi noman farko a makare, amma an yi. Geron shekarar bai cika rumbu ba, bai kuma bar kowa da yunwa ba.

Daga nan aikina ya sake. Ina neman ƙarfen ƙira kamar da, ina kuma bin guntaye masu rami biyu. Baffa ya ajiye wani tsohon tulu a kusurwar ɗakinsa, duk wanda ya dawo a ciki ake jefa shi, ko ana tsananin buƙata ba a taɓawa. Da yawa sun cika alkawari. Malam Jibo ya yi noma da tasa har ta koma kamar tafin hannun jariri, yaran Na-Abu suka dawo suka taya, ya kore su, ya kawo ta da kansa yana tsokanar Baffa wai ga bashin tsohuwa ya biya. Wasu kuwa sikeli ya fi ƙarfinsu, sai in je in ji an ce ta ɓata a gona. Ban taɓa yin faɗa da kowa a kai ba, Baffa ya hana. Na taɓa tsintar guda a tulin wani dillali a Maigatari, na gane ta tun kafin in ga ramukan, na saye ta da tsadar da ta sa dillalin ya yi mini kallon mahaukaci.

Sai aka ce yaƙi ya ƙare. Ba a jima ba ƙarfe ya dawo, ya fi na da yawa, har da ragowar kayan yaƙin da ba su san yadda za su yi da shi ba. Farashi ya faɗi warwas. Na-Abu da ya tara ɗaki guda yana jiran ƙarin tsada, na gan shi bayan shekaru a Gumel yana sayar da goro a faranti, da fara'arsa kamar da. Abin da ya ba ni mamaki, arha ta fi tsada ɓatar mana da guntaye. Lokacin tsada mutum ya san inda ya ajiye nasa. Da sabuwar fartanya ta koma abin banza, sai aka daina soke tsohuwa a jinka, yara su ɗauka su yi wasa, yashi ya binne. Al'adar mayar da guntu a nan ta mutu, ba wanda ya kashe ta da gangan.

Shekarun nan duka a kan gudumar nan muke ƙira. Da aka jawo hanyar jirgi ta biyo ta Gagarawa, na sayi guntun ƙarfen layin dogo a wurin masu sayar da ragowar aiki, na kawo a kan raƙumi. Gaskiya ya fi uwar maƙera faɗi da tauri, aiki a kansa ya fi sauri, har yau shi nake amfani da shi. Baffa ya zagaya shi, ya ƙwanƙwasa, ya ce ƙararsa ta cika tsawo. Bai taɓa ɗora aiki a kansa ba. Lokacin ma ƙarfinsa ya tafi, idonsa ya fara hazo, yawanci yana zaune ne a bakin ƙofa yana gyara mini kuskure da kunne.

Wata ranar rani ya ce in fito da tulun, ba sauran wanda zai dawo. Na zazzage a kan tabarma. Ni na san abin da zan gani, don ni nake jefawa, amma shi ina jin a ransa tulun ya fi haka nauyi. Ya bi su da hannu ɗaya bayan ɗaya, yana kiran sunan gidan da kowanne ya fito, bai yi kuskure ba. Na hura wuta na fara haɗawa, biyu-biyu, ina yayyafa yashi, ina ninkewa. Tama ce, ba ta ba ni wahala ba, amma kowane shiga wuta sai ta zubar da ɓawo ta ragu. Da na gama, abin da ya fito bai fi dunƙulen hannu biyu ba. Na tsoma a ruwa na miƙa masa. Ya ɗaga shi da hannu ɗaya, tsohon da ko buta ba ya ɗagawa sai ya huta. Na ji tausayinsa har na kasa dubansa.

Ya daɗe yana juya shi, sannan ya ce sauran yana cikin gonakin Ɗanzomo, yashi ya cinye, ba a karɓo shi. Na ce a kafa shi hakanan a itace, ko don ƙananan ayyuka. Ya ce a'a, in ya mutu ni ma na mutu, wani zai zo da ƙugiya ya ɗauke shi.

"Ka buɗe shi fartanya, mai kauri. Ka kai zauren liman a haɗa da kayan haƙar kabari. Nan ne kaɗai na san ba mai ɗorawa a sikeli, ko ƙarfe ya kai zinariya."

Haka na yi, na buga mata rami biyu a wuya. Ba ta yi wata uku a zauren ba aka ɗauko ta saboda shi, ni na fara sara.

Tun daga lokacin ƙarfe ya hau ya sauka ban san iyaka ba, an sake wani yaƙin, dillalai sun zo sun share gari har murfin tukunya, ba wanda ya taɓa tambayar kuɗinta. Duk shekara nakan karɓo ta in gyara mata baki in mayar. Ta ragu sosai, yashin maƙabarta ma yana ci. Bana da na duba ta na auna da yatsa, na ga da sauran abin da zai isa nawa.